Ruwan famfo da kamfanonin waje: tambayoyi da amsoshi kan zaman Veolia a Yamai

Tun da aka sanar a watan Janairun 2024 cewa SEEN, kamfanin da ke raba ruwan famfo a biranen Nijar ƙarƙashin Veolia, ta tafi, NDE ta gwamnati ta zo, duk fadar shayin da na zauna sai an tayar da maganar nan, wannan ya ce Alhamdulillahi an karɓe ruwanmu daga hannun Faransawa, wancan ya ce to ai yanzu ne ma za mu gane kurenmu, a yi ta musu har shayi ya huce. Abin da na lura shi ne yawancin masu musun ba su san aikin da kamfanin ke yi ba balle wanda ba nasa ba. Ga tambayoyin da na fi ji, da amsa daidai gwargwado.

Wai su wa ye Veolia ɗin nan, kuma ya aka yi suka shigo harkar ruwan Nijar?

Kamfanin Faransa ne, tsoho tukuf, asalinsa tun 1853 zamanin Napoleon na uku, lokacin sunansa Compagnie Générale des Eaux. Ya sha canza suna, sanda ya zo Nijar a 2001 ana ce masa Vivendi, sai a 2003 ɓangaren ruwa da shara ya koma Veolia. Babban kishiyarsa Suez shi ma na Faransa ne, kuma daga baya Veolia ya haɗiye kaso mai yawa na Suez ɗin a 2022.

Kafin zuwansu kamfanin gwamnati ne SNE ke riƙe da ruwan birane, ga bashi ya yi masa katutu ga ba kuɗin sabon aiki, masu ba da rance kuma irin su Bankin Duniya a wancan zamanin maganarsu ɗaya ce, in kana so mu zuba kuɗi sai ka gyara tsarin ka shigo da ɗan kasuwa. A 2000 aka yi dokar da ta raba SNE gida biyu, SPEN ta gwamnati da SEEN mai gudanarwa. A cikin SEEN a lokacin Veolia na da kashi 51, 'yan kasuwar Nijar 34, ma'aikata 10, gwamnati 5. Kwantiragin farko na shekara 10 ne, aka sabunta a 2011, kuma ba Yamai kaɗai ya shafa ba, garuruwa sama da 50 ne, har da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas.

Kenan gwamnati sayar musu da ruwan ƙasa ta yi?

A'a, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ba a sayar da ko bututu ɗaya ba.

Ka ɗauki misalin mai mota da direba. Mai mota shi ya sayi motar, shi ke canza inji in ya buga, shi ke cin bashi in yana so ya ƙaro ta biyu. Direba nasa ya tashi da asuba ya zuba mai, ya ɗauki fasinja, ya yi faci in taya ta sace, ya karɓi kuɗi, da yamma ya cire nasa ya kawo balas. To SPEN ce mai mota, ita ke da matatun ruwa na Gudel da Yantala da shato-shaton nan, wato manyan tankunan ruwa na sama, da ka ke gani da manyan bututai, ita ke cin bashin gina sababbi. SEEN ce direba a lokacin, ta tace ruwa ta tura, ta gyara ƙaramar fashewa, ta karanta mita, ta kawo maka takarda, ta yanke ka in ba ka biya ba. Faransawa na ce wa wannan tsari affermage, mu dai haya ce kawai ko jinga. Ba Nijar ta ƙirƙiro shi ba, daga Senegal aka kwafo, su tun 1996 suka yi nasu da SONES mai dukiya da SDE mai gudanarwa.

Shi ya sa in unguwarku babu babban bututu sam, zagin direba ba zai kawo shi ba. Amma fa da yake sunan direban ne a kan takardar da ake kawo maka kuma ofishinsa ka sani, shi ke shan zagin duka, nasa da na maigidansa.

To wa ke yanke kuɗin ruwa?

Gwamnati. Kamfani ba shi da ikon ya wayi gari ya ƙara ko dala ɗaya. Farashin ma hawa-hawa ne, mita kubik 10 na farko a wata ana sayar da su da araha sosai don talaka, kowanne bai kai sefa 200 ba, in ka wuce nan ka shiga mataki na biyu mai tsada, in ka ƙara wucewa ka shiga na masu ban ruwan fulawa da wanke mota uku. Mita kubik ɗaya lita 1000 ne, wato bido 40 mai lita 25, in a Kano ne ka ce jarka.

In ba su ke sa farashi ba, ribarsu daga ina take fitowa?

Akwai kuɗin da aka yi yarjejeniya za su cira a kan kowane mita kubik, sauran su miƙa wa SPEN ta biya bashi da shi ta yi sabon aiki. Kenan ribarsu tana cikin abu uku, su sayar da ruwa da yawa, su hana shi zubewa a hanya, su kuma tabbatar an biya su. An ɗaura musu ma'auni a kwantiragin, in ruwan da ke ɓacewa tsakanin matata da mita ya wuce abin da aka yarda, daga aljihunsu za a cire.

Ka ga dalilin da ya sa suke da zafin nama wajen yanke wanda bai biya ba da farautar masu satar haɗi. Ba mugunta ba ce zalla, ba kuma tausayi ba ne in sun zo da sauri sun toshe bututun da ya fashe a bakin titi, lissafi ne kawai. Ni a ganina wannan shi ne mafi amfanin abin da ɗan kasuwa ke kawowa cikin harkar ruwa, ɗigon da ke zuba a ƙasa yana jin sa a jikinsa. Wanda ba ya iya yi wa komai shi ne babban mai cin bashi, ma'aikatu da barikoki da makarantun gwamnati, waɗanda a ƙasashenmu da yawa su ne ke tara takardu shekara da shekaru kuma wa ya isa ya je ya yanke wa bariki ruwa.

Tsakani da Allah, an samu ci gaba a shekara 22 ɗin ko ba a samu ba?

An samu, wanda ya ce ba a samu ba son rai ne. Gidajen da ke da famfo sun ninka, an yi ta rabon haɗi mai rahusa ga masu ƙaramin ƙarfi, an ƙara famfunan unguwa, an faɗaɗa Gudel ba sau ɗaya ba, kuma masana harkar sun daɗe suna lissafa Nijar da Senegal cikin wuraren da wannan tsari ya yi aiki a Afirka ta Yamma. Sai dai a tuna kuɗin manyan ayyukan nan ba daga Veolia suka fito ba, rance ne da tallafi daga Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa AFD da bankunan raya ƙasa, kuma ɗan Nijar ne zai biya rancen ta takardar ruwansa.

Matsalar ita ce garin ya fi bututun gudu. A ƙidayar 2001 mutanen Yamai wajen 700,000 ne, a ta 2012 sun haura miliyan 1, yanzu kuwa duk wanda ya bi hanyar Walam ko ta Filinge ya ga inda gari ya kai ya san ba a nan aka tsaya ba. A yanka filaye a sayar, mutane su yi gini su tare, sai bayan shekaru a fara tunanin ruwa da wuta da kwata. Ko wa ka ba famfon, Bafaranshe ne ko Basine ko ɗan Zongo, in haka za a ci gaba da yi kullum a baya zai kasance yana haki.

Muna zaune a bakin kogi, ya za a yi a ce ba ruwa? Wannan ba rainin hankali ba ne?

Na san abin da ciwo, mutum yana kan gadar Kennedy yana kallon kogin Isa, wato Kwara, shimfiɗe amma gidansa famfo sai iska yake hurawa. Sai dai ruwan kogi daban ruwan sha daban. Sai an jawo shi, a zuba alif ya kwanta, a tace, a sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, sannan injuna su tura shi sama cikin shato, daga nan ya gangaro gidaje. Kowane mataki yana da iyakar abin da yake iya ɗauka a rana. Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, kowa na wanka sau uku, buƙata ta yi sama, kogin kuma a lokacin ne yake janyewa. Manya na tuna 1985 sanda ya tsaya cak a Yamai har ana tsallake shi da ƙafa, abin da ya sa aka yi ɗan shingen nan na Gudel don ya riƙa tare ruwa, dam ɗin Kandaji kuwa da aka ce zai magance wannan har yanzu jira ake. Da damina sai matsalar ta juye, ruwan ya zo jajir da laka, tacewa ta yi wuya.

Ga kuma wuta. Injin tura ruwa ba ya aiki da addu'a, in lantarki ya ɗauke matsi ya faɗi, kuma wanda ke kan tudu ko a ƙarshen layi shi ne farkon wanda zai rasa kuma na ƙarshen da zai samu, shi ya sa a wasu unguwannin sai ƙarfe biyu ko ukun dare ake jin famfo ya fara tari. Mun ga wannan ƙarara bayan juyin mulkin Yulin 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi.

Gidanmu na haya ne, mita ɗaya, amma kuɗin da ke zuwa kamar muna da kamfanin wanki. Cuta ce?

Yawanci ba cuta ba ce, tsarin hawa-hawan nan ne ke juyowa ya ciji wanda aka yi shi dominsa. Na zauna a irin gidan nan, ɗaki takwas, famfo ɗaya a tsakar gida kusa da bishiyar dalbejiya, an ɗaure masa kai da tsumma da robar tayar keke don ya daina ɗiga. Ranar da takarda ta zo Inna mai ɗakin ƙofa ita ke karɓa, ta jira bayan isha'i kowa ya dawo, a shimfiɗa tabarma a haska da fitilar waya a fara rabo. Nan ake yin ta. Gwauro ya ce shi fita yake tun safe don me zai biya daidai da mai 'ya'ya shida, mai 'ya'ya shida ta ce ai jarirai ba a lissafa su, wata ta ce to mai sayar da ƙanƙara fa da ke cika leda ɗari kullum, Inna ta ce "ku yi wa Allah ku yi wa Annabi 'ya'yan nan, kai Malam Gwauro ba kai ke wanke babur ran Juma'a ba?" A ƙarshe a raba da kawuna, kowa ya tashi yana ƙunƙuni.

Abin da ba mu gane ba a lokacin shi ne mita ba ta san mu gida takwas ba ne. Ita dai ta ga gida ɗaya, ta ba mu mita kubik 10 masu araha mu duka, muka cinye su cikin 'yan kwanaki, sauran watan gaba ɗaya a farashin masu hali muke sha. Alhali wani mai gidan kansa shi da matarsa da ɗa ɗaya yana can yana more rahusar talaka. Maganin shi ne a raba mita in maigida zai yarda, ko hukuma ta yi wa gidajen haya nasu lissafin daban, kuma wannan ba aikin kamfani ba ne, na masu yanke farashi ne.

'Yan garuwa fa, ba su ne ke tsawwalawa ba?

Ka taɓa tura kurar bido goma cikin yashi da rana tsaka? Gwada sau ɗaya sannan mu yi maganar tsawwalawa. Ƙarfinsa ka ke saye ba ruwan kaɗai ba. Amma lissafin yana da ban tsoro, a ce misali ya sayar maka bido ɗaya dala biyar, sefa 25 kenan, to mita kubik ya kama jika guda, sefa 1000, ninkin abin da mai famfo a gida ke biya sau da yawa, kuma in zafi ya yi ko unguwa ta yi nisa ba a dala biyar zai tsaya ba. Wato wanda ya fi kowa talauci a garin shi ke sayen ruwa mafi tsada. Shi ya sa ni in na ji ana murnar an hana ƙarin kuɗin ruwa sai in ce madalla, amma wanda famfo ya isa gidansa aka taimaka, wanda ke bayan gari ba abin da ya dame shi da farashin mita, bututun yake jira.

Me ya sa kamfanonin nan suka fi son ƙasashen sefa, ba ka ji su a Kano ko Legas?

Babban dalili kuɗi ne. Kamfani yana karɓar kuɗin gida daga hannun mutane amma masu hannun jarinsa da Yuro suke so a biya su, kayan gyara ma da kuɗin waje ake sayowa. Sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 ba ta motsi, don haka ya san abin da zai kai gida. Naira kuwa ka kwanta da lissafi ɗaya ka tashi da wani. Wannan abin ne ya karya su a wurare da dama, a Manila ta ƙasar Filifin an raba garin biyu a 1997, ɓangaren yamma da Suez ke ciki ya gaji bashin kuɗin waje, sai ga kuɗin ƙasar ya faɗi a rikicin tattalin arzikin Asiya na wannan shekarar, kamfanin ya durƙushe har sai da ya canza hannu, shi kuwa na gabas ya tsira ya yi kyau. Buenos Aires ma haka, Suez ya shiga a 1993, kuɗin Ajantina ya rushe a 2002, a 2006 gwamnati ta soke kwantiragin.

Ban da wannan, a Najeriya ruwan birni na jihohi ne, kowace jiha da hukumarta, mita ba ta yawaita ba, masu hali sun haƙa burtsatse sun huta, sauran suna ga 'yan garuwa da ruwan leda. Kano na da matatun Tamburawa da Challawa amma kowa ya san yadda unguwanni suke. A Legas kuma duk sanda aka taso da zancen shigo da 'yan kasuwa sai ƙungiyoyin fararen hula da na ƙwadago su yi ca.

Nijar ce kaɗai ta raba gari da su?

Ina! Layin dogo ne. Tanzaniya ta soke kwantiragin City Water na Biwater ɗin Ingila a Darussalam a 2005, shekara biyu kacal da farawa. Ghana ta ba wani haɗin gwiwar Holan da Afirka ta Kudu riƙon shekara biyar daga 2006, da ya ƙare a 2011 ta ce a kai kasuwa. Kamaru ta yi shekara goma da 'yan Maroko ta karɓe abinta a 2018, a wannan shekarar kuma Gabon ta ƙwace kamfanin ruwa da wuta SEEG daga hannun Veolia da ƙarfin hukuma har aka je kotun sasanta rikicin masu zuba jari. A Cochabamba ta Bolibiya a 2000 ma jama'a ne suka fito kan titi don adawa da kamfanin da aka ba ruwansu har aka rasa rai. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne Paris, gidansu, a 2010 birnin ya karɓe ruwansa daga Veolia da Suez ya mayar hannun hukuma.

Amma kar a ɗauka kowa kora yake. Senegal da ta canza a 2020 wani Bafaranshen ta ɗauko, Suez, aka kafa Sen'Eau. Abijan tun 1960 kamfanin 'yan kasuwa SODECI ke riƙe da ruwanta. China ma da ba ta wasa da ikon gwamnati ta sayar wa Veolia rabin kamfanin ruwan Pudong a Shanghai a 2002 na shekara 50, sai dai can hukuma ce riƙe da wuƙa da nama kuma tana da kuɗin shimfiɗa bututu kafin mutane su tare.

To korarsu aka yi daga Nijar ko tafiya suka yi?

Wa'adi ne ya cika ranar 31 ga Disamban 2023 ba a sabunta ba, gwamnati ta kafa NDE, La Nigérienne des Eaux, mallakar ƙasa, ta ɗauki aikin direban. Ya zo daidai lokacin da ake sallamar sojojin Faransa shi ya sa aka haɗa su a kwando ɗaya, amma ba irin na Gabon ba ne. Kuma masu karanta mita da masu gyara da injiniyoyin matata dama can 'yan ƙasa ne kusan dukansu, ba wai Turawa ne ke haƙa rami a unguwar Talaje ba.

Ita hukumar sa ido mene ne amfaninta?

Ita ce alƙalin wasa. Ruwan famfo ba kamar shinkafa ba ne da in wannan ya tsawwala ka matsa shago na gaba, bututu ɗaya ne ke shiga gidanka, dole a samu mai duba lissafin kamfani da ingancin ruwa da koken jama'a. Nijar ta kafa ARM a 1999 mai kula da ruwa da wuta da sadarwa da sufuri a haɗe, daga baya aka rarraba, ruwa ya samu tasa, ARSEau. Abin da nake tsoro yanzu shi ne mai mota gwamnati, direba gwamnati, alƙali gwamnati, babban mai cin bashi ma gwamnati. Da can ko ba komai akwai baƙon da ake jin daɗin tuhuma kuma akwai kwantiragin da za a buɗe a ce ga abin da ka yi alkawari. In ana so NDE ta yi ƙarko sai an ɗaura mata ma'auni irin wancan a rubuce, a riƙa faɗa wa jama'a nawa aka tace nawa ya zube nawa aka karɓo, ma'aikatu kuma su biya takardunsu.

Mu na Damagaram fa, kullum Yamai Yamai?

Gaskiyarku. Taku matsalar ma ta girmi Veolia da NDE duka, garin a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa ba ya samuwa a kusa, sai an jawo daga nesa irin su Gogo Machaya da Arunguza da Ganaram. Wannan aikin mai mota ne tsantsa, rijiyoyi da dogon bututu da kuɗi masu nauyi.

Takardata ta yi tsalle wannan watan kuma ni kaɗai ne a gidana, me zan yi kafin in je in yi faɗa?

Ka fara da gida tukuna. Da dare ka rufe duk famfunan, ka hana kowa taɓa ruwa, ka rubuta lambar da ke kan mita, da asuba kafin a yi alwala ka sake dubawa. In ta motsa to akwai inda yake zuba, yawanci tankin bayan gida ne mai tsiyaya a hankali ko bututun da ke binne ƙarƙashin siminti, ka duba inda ƙasa ke da danshi ko ciyawa ta fito ba dalili. Duk abin da ya zube bayan mita naka ne, kai za ka biya, wanda ya zube kafin mita nasu ne. In kuma ba ta motsa ba sai ka gwada lambar da ke kan takarda da wadda ke kan mitar, don wani lokaci mai karantawa ya zo ya tarar da gida a kulle ko mita ta binne cikin yashi sai a yi maka ƙiyasi. Ka ɗauki hoton mitar da wayarka, ka haɗa da takardun wata uku na baya, ka tafi ofishinsu da safe kafin layi ya yi tsawo.